Idon da Ke Saman Allo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, ɗanki Kwamanda yana ta ƙiriniyarsa.

Da kika tambaye ni aiki a waya na ce miki alhamdulillahi, don babansa yana kusa, ban so ya ji. Gaskiyar magana, tun da aka kawo mana sabuwar Shugaba a makaranta ajina ya sauya. Kin san 'yan shekara uku zuwa huɗu nake riƙe da su, kin kuma ga yadda muke: kwanon yashi a bakin taga, fenti, katakan gini, da akwatin tsofaffin kaya da suke sakawa su zama likita ko direba. Duk an kwashe an kulle a sito. Wai iyaye suna ƙorafi yaran makarantar tsallaken titi har sun fara rubuta jimla, namu kuwa sai komawa gida da fenti a riga.

Sannan aka kafa kyamara a saman allo. Kowace uwa tana kallonmu ta wayarta daga wurin aiki. Yaro ya tashi daga kujera, kafin ya koma an kira ofis. Yaya, hannun da bai iya saka maɓallin rigarsa ba shi nake danƙa wa fensir ya cika shafi da harafi ɗaya. Jiya wata 'yar mitsitsiya da muke kira Hajiya Ƙarama barci ya kwashe ta a kan littafi. Na ƙyale ta, sai ga saƙon uwarta wai me nake kallo.

Na san za ki ce in ajiye aikin. To ina zan kai Kwamanda? Kin tuna yawon da muka sha, duk makarantar da suka ji kunnensa ba ya ji sai su ce ba su da malaminsa. Nan ma don ina aiki ne suka karɓe shi, a ajina, inda zai riƙa kallon bakina. Gaba kura, baya siyaki.

Ki gaida mini kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Na ji an sake miki magani, Allah ya sa a dace.

Abubuwa sun faru bayan wasiƙata. Wata uwa ce ta yi ƙorafin ba ta ganin ɗanta idan ya je shan ruwa bayan ƙofa, daga nan na gane idon kyamarar bai kai wannan lungun ba. Sai na fara kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan mai a gida, in ɓoyo ta a jaka. Ina tura su bibbiyu kamar masu shan ruwa, su ɗan murza, su dawo. Da kin ga yadda suke tafiya saɗaf-saɗaf suna danne dariya, sai ki ce ɓarayin nama.

A lungun nan ɗanki ya yi abokinsa na farko. Akwai wani yaro da muke kira Sarkin Kuka, kullum da hawaye yake shigowa. Kwamanda ya mulmula mota, shi kuma ya yi mata tayoyi ya manna. Tun ranar tare suke zama, kukan safe ma ya ragu. Ni da na gani sai na juya wa kyamara baya na share idona.

Daɗin bai daɗe ba. Hajiya Ƙarama ta koma gida da fulawa a farce, da aka tambaye ta ta ba da labari tiryan-tiryan, cikin murna, har da ƙari. Washegari Shugaba ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma ya fi mini. Ta ce ita ma ta san amfanin wasa, amma iyaye ne ke riƙe da makarantar. Da na miƙe zan fita ta ce, “Malama, ki tuna alfarma aka yi wa ɗanki.” Kafin mako ya ƙare an kafa ido na biyu a saman ƙofa.

Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin naki? Mun yi hutu. A taron iyaye ajina aka yaba, littattafanmu sun fi na kowa tsabta. Aka tafa mini, na yi murmushi na gode.

Shekaranjiya ina wanke-wanke na leƙa ɗaki na tarar da Kwamanda ya jera takalmanmu a layi, kowanne da 'yar takarda a gabansa. Wasan makaranta yake, shi ne ni. Na tsaya in ga me zai koya musu. Bai koya musu komai ba. Yana zagaya su ne hannu a baya, ya ɗaga kai ya dubi kusurwar silin, ya ɗora yatsa a leɓe. Takalmi ɗaya ya ɗan karkace, ya gyara shi da sauri, ya sake duban sama. Har yadda nake haɗe gira ya iya. Yaya, yaron da ba abin da yake da shi sai kallon fuskata, abin da ya karanta a kanta ke nan.

Na amsa zan koma zango mai zuwa, ba ni da wata ƙofa. Amma na shawo kan babansa ya kawo miki shi ya yi hutun nan a wurinki. Kada ki saya masa littafi ko fensir. Ki sake shi cikin yaranki a gindin famfo inda ruwa ke kwanciya, ya kwaɓa taɓo son ransa. Idan kin ga ya tsaya yana waiwayen sama, ki durƙusa daidai fuskarsa ki yi masa dariya, zai gane. Tsofaffin kaya na haɗa masa a jaka, kada ki ji tausayinsu.

Ki gaida maigidan da yara, Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta