Jegon Kurege

Daren Laraba, farkon damina

Raina a ɓace yake, ko tuwo ban iya ci ba. Tun rani nake ce wa Malam ya bar ba kuregen nan abinci a bayan gida, kullum sai ya yi dariya ya ce baƙonsa ne. Baƙo! Dabbar da manoma ke jifa, ita mijina ke zama yana ɓare wa gujiya da hannunsa.

Jiya aka yi ruwan shuka. Da safe na je rumbu in ɗauko irin gujiyar da yayana ya aiko mini daga Kornaka, sai na iske buhun a huje, ɓawo kawai ya rage. Ga rami nan a gindin rumbun. Maƙwabta duk sun tafi gona, ni ina tsaye da buhun wofi.

Na tafasa ruwa zan ɗura a ramin. Malam ya riƙe mini hannu, ya ɗan tone bakin ramin. Ashe kuregen mace ce. Ga 'ya'yanta kwance cikin busasshiyar ciyawa da yagaggen kallabina da nake ta nema, ko ido ba su buɗe ba.

Ya ce, "Yi haƙuri Hadiza, jego take yi."

Na zubar da ruwan a ƙasa, ba don shi ba. Ni ma na yi jego a gidan nan har sau biyar, ban tuna ranar da ya ɓare mini ko ƙwaya ɗaya ba.