Dutsen Murhu Ya Wanke Ni

Zuwa ga uwar ɗiyana, Hajo,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Ban iya alƙalami ba, sawa na yi aka rubuta, amma maganar tawa ce, kuma tsohuwa ce.

Kin bar duniya ba ki wanke ni ba.

Ranar sunan ɗanmu na fari aka aro babbar tukunyar innarki daga garin Kaya, aka ce in kula da wuta. Ina tsugune, ji kake tas! Tukunya ta tarwatse, miya ta bi ƙasa. Na ce dutsen murhu ne ya yi bindiga. Ƙanenki Mamman ya ce, “Yau ga ƙarya, dutse da bindiga!” Ya laƙaba mani Fasau. Har jikoki da sunan suka san ni.

Na gaji da faɗa maku: fashewa daban, bindiga daban. Tulu in ya faɗi fashewa ya yi, da hannun wani. Abin da zafi ya cika daga ciki har ya tashi da ƙara, kamar tayar babur bisa kwalta, shi ake ce ma ya yi bindiga. Ke dai sai ki murmusa ki ce, “To Malam, sha furarka.”

To, Allah ba Ya barci. Satin da ya wuce aka yi biki a Janbako, aka kwaso duwatsu jiƙaƙƙu daga gulbi aka yi murhu. Wuta na kamawa, dam! Mata suka zubar da ludaya, liman ya tsere ba takalmi, an aza ɓarayi ne. Ba wanda ya ji ciwo. Ni kaɗai na zauna ina dariya. Gari duka na faɗin “Dutse ya yi bindiga!” Maganata a bakin kowa, Hajo!

Na waiwaya in ce maki kin gani, sai na tuna ba ki nan. Furar ranar ko ɗanɗano babu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda ba a aron tukunya.

Mijinki, Garba, ba Fasau ba.

Saura kai, Mamman. Na san za a karanta maka. Wa ya ɗauko duwatsun murhu daga gulbi ranar sunan ɗana na fari, in ba kai ba? Ina ƙofar gida. Zo ka ba ni amsa.