Ni Na Fara Zuba wa Shirwa Fatar Kaza

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Halijah 'yar Mat Desa, matar marigayi Lazim mai kwalekwale. Jiki ya gaji, likita ya faɗa mini abin da na riga shi sani, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce ruɗin tsufa ne. Jiya ma ni na gyara wa liman lissafin lokacin da ruwan teku zai janye daga kogi. Shi ya riƙe mini alƙalami, ga shaidu biyu a zaune. Ni da kuke kira Mak, da ku nake, 'ya'yana uku: Shukor babbanku, wanda kuke kira Along, da Rosnani, da Fauzi auta.

Shekara huɗu ke nan Along da Rosnani ba sa ko sallama da juna, a kan maganar ciyar da shirwa. Ba na so in kwanta a kabari in bar ku haka. Duk abin da zan faɗa a nan, can ya nufa.

Na ɗaya. Gida da gonar kwakwa, a raba su yadda Allah ya raba. Liman ya san rabon, ba sai na koya masa ba. Amma tashar kwalekwale ba ta cikin gado. Na mai da ita wakafi tun watan jiya, a gaban shaidu, don amfanin zuriyar Lazim gaba ɗaya. Ba a sayarwa, ba a ja mata igiya a tsakiya a ce nan nawa, can naki. Ubanku ya kafa turakunta da hannunsa, cikin taɓo har ƙugu, ina tsaye a gaɓa da cikin Along ina masa faɗa cewa ta karkace. Ta karkace ɗin kuwa, har yau, amma shekara arba'in da shida ba ta faɗi ba.

Na biyu. Fauzi, rumfar abinci da babban kasko na riga na ba ka tun ina da ƙarfina, kowa ya sani. Ka rage gishiri, don Allah. Kuma ka daina bai wa birai saura. Kai kake ganin kirki ne, su kuma ɗazu suka gudu da madubin idon wata baƙuwa.

Ina so ku tuna kogin nan yadda yake kafin baƙi masu yawon buɗe ido su san hanyarsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ubanku ya loda mu a tsohon kwalekwale, ga shinkafar madarar kwakwa a ganyen ayaba, mu bi ta cikin dajin bakau, itatuwan nan masu tsirowa a taɓon bakin ruwa, har tudun yashin da ke fitowa idan ruwa ya janye. Ba inji a lokacin, filafili kawai. Karnukan ruwa su bi mu a baya suna leƙe. Ku kuna tonon ƙaguwa, kun yi buɗu-buɗu da taɓo, ni ina ta ihun kada wani ya wuce inda ruwa ya yi duhu. Rosnani, ke ba ki taɓa ji ba. Shirwa kuwa, jar nan mai farin kai, ɗaya ko biyu za ka gani can sama tana shawagi. Idan ta sauko ta suri kifi, sai ubanku ya ajiye filafili ya ce, “Ku duba masunci na gaskiya, ba irina ba.” Wani lokaci mu wuni ba mu ga ta sauko ba. Ranar da muka gani kuwa, labarinta muke yi har gida. Wallahi ina kewar waɗannan ranaku fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata.

Na uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na fara zuba wa shirwa fatar kaza. Ba Along ba ne, kuma ba ubanku ba.

Shekarar da na buɗe rumfa, kullum sai na feɗe kaji, fata da kitse su taru, in watsa su kogi daga bakin tasha don ƙyuyar zuwa juji. Shirwa ta gane. Biyu suka zama goma, goma suka zama abin da ba ya ƙirguwa. Wata rana wasu baƙi suna cin abinci suka ga yadda tsuntsayen ke rububi a kan ruwa, suka bar shinkafa ta huce suna ɗaukar hoto. Ni ce na ce wa ubanku ya riƙa ɗaukar bokitin fata ya kai baƙi tsakiyar kogi. Ya ce, “Halijah, tsuntsun Allah ne, me ya haɗa shi da bokitinki?” Na ce masa tsuntsun Allah ne zai saya wa yaransa takalman makaranta? Washegari ya ɗauki bokitin. Ni ce kuma na lura cewa in aka tayar da inji da ƙarfi kafin a zuba, suna haɗa ƙarar da abinci. Along yana da shekara goma sha biyar na ɗora masa bokitin. Kafin shekara uku duk masu kwalekwalen kogin nan sun kwaikwaye mu.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗinsa ba. Da shi muka yi rufin kwano, da shi na je Makka, da shi Rosnani ta yi karatun da ta dawo ta ce mana muna kashe tsuntsaye.

Kun san ranar taron masu kwalekwale a harabar masallaci. Rosnani ta miƙe ta ce shirwar kogin nan ta manta kamun kifi, kitsen kaza ya lalata mata ƙwai, kuma duk wanda ya fara wannan abu ya ji kunya. Kowa ya juya ya kalli Along, don shi aka sani da bokiti. Wani ma ya ce, “To, sarkin shirwa, ƙanwarka ta tsige ka!” aka fashe da dariya. Ina zaune a layin mata. Kalma huɗu ta ishe ni in faɗa, “Ni ce na fara,” ban faɗa ba. Na ji tsoron a yi mini dariyar da aka yi masa. Da muka koma gida kuma, don in rufe tawa kunyar, na ce wa Rosnani ta tozarta yayanta a bainar jama'a, kada ta sake ɗaure kwalekwalenta a tashar ubanta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidan nan ni na ja shi, ku biyu ya doka.

Na huɗu. Rosnani, ga abin da ba ki sani ba game da yayanki. Ya san ni ce, tun yana yaro ya sani. Shekara huɗu yana shan gori, bai taɓa buɗe baki ya ce Mak ce ta sa ni ba.

Sannan shekarar annoba, da aka rufe tsibirin nan, ba baƙo ko ɗaya, kowa ya ja kwalekwalensa ya kife a gaɓa. Ke kina can bakin teku gidan mijinki, ba ki ga abin da muka gani ba. Tsuntsayen suka jeru a kan bakau tun safe suna jiran ƙarar inji. Ko babur ya wuce kan gada sai su tashi su bi shi. Kifi yana wasa a ƙarƙashinsu, ƙananan ba su san me ake yi da shi ba. Na tsinci uku a taɓo, ba nauyi, kamar ka ɗauki tsumma. Along ne kaɗai ya riƙa fita kowace safiya, ba mai kallo, ba mai tafi, ya bi gidaje yana roƙon hanjin kifi da fata, ya kai musu. Wata goma sha ɗaya yana yi. Sau ɗaya na bi shi, na ga ƙato mai 'ya'ya huɗu yana zuba abinci yana share ido da gefen riga. Ya ce, “Mak, mu muka saba musu, ina za su je?” Wannan shi ne mutumin da kike cewa kuɗin baƙi kawai ya sani.

Na biyar. Along, gaskiya tana wajen ƙanwarka, kuma kai ma ka sani tun ranar da ka ga tsuntsayen nan a taɓo. Girman kai ne ya hana ka faɗa, a wajena ka gado shi, ba zan zarge ka ba. Amma ka sani, shekara huɗu tana ɗaure ƙaramin kwalekwalenta a jikin itace, tana sauke baƙinta cikin taɓo suna zamewa, alhali tashar ubanta tana kallon ta. Ba ta kai ƙara wajen kowa ba. Kowace sallah tana aiko mini da abinci ta hannun Fauzi, tana cewa kada a faɗa maka. Bakinta ne da kaifi, wannan ma nawa ne. Ranar da aka karanta takardar nan, ka je da kanka ka kwance igiyarta daga itacen nan ka ɗaure ta a turken dama, wanda ubanku yake ɗaure nasa.

Na shida. Maganar shirwa. Kada ku yanke musu rana ɗaya, kun ga abin da hakan ke yi. Kada kuma ku ci gaba kamar ba ku gani ba. Yaye za ku yi musu, yadda na yaye ku, a hankali. Fatar kaza ta ƙare daga yau. Fauzi, ka binne ta a bayan rumfa. A koma ƙananan kifi, a riƙa ragewa, a daina kiran su da inji. Along, kwalekwalenka suka sani, kai za su bi. Rosnani, ke kika san inda kifi ke tasowa in ruwa ya fara cika, can za ki kai shi ya zuba, har su koyi duban ruwa maimakon duban hannu. Ko shekara biyu zai ɗauka, ko uku, ban sani ba. Baƙi za su ragu, wasu masu kwalekwale za su yi muku dariya, wasu za su ci gaba da nasu. Ba ruwanku. Baƙon da zai iya zama shiru rabin awa don ya ga sura ɗaya ta gaskiya, shi ne naku. A karanta sakin nan na uku a harabar masallaci, inda aka yi wa ɗana dariya, da sunana a ciki.

Na bakwai. Jana'izata. Maƙabarta tana ƙetaren kogi, kusa da ubanku za ku sa ni. Rosnani ce za ta yi mini wanka. A ƙetare da ni a tsohon kwalekwalen Lazim, kuma ina roƙon ku da girman Allah, kada a tayar da inji. In aka tayar, za su taso daga ko'ina su rufe sama a kan gawata suna jiran a zuba musu, ni kuwa ba ni da abin da zan ba su, kuma ba na so in je gaban Ubangijina da rakiyar masu yunwar da ni na jawo musu. Da filafili za ku kai ni. Kwalekwalen yana da faɗi, mutum ɗaya ba ya iya miƙe shi, sai dai ya yi ta juyi a tsakiyar ruwa. Along a dama, Rosnani a hagu. Na tambayi liman, ya ce ba laifi ta kai ni har gaɓa. Fauzi ya riƙe kaina. In kun ga dama kada ku ce wa juna uffan. Amma dole ɗaya ya dubi hannun ɗaya, in ba haka ba uwarku za ta wuni a kan ruwa jama'a suna jira a gaɓa.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci 'ya'yanku, ya tsare ku a kan ruwa da kan tudu. Ku riƙe salla, ku riƙe Fauzi, ku riƙe juna. Kada jikokina su tashi suna tambayar wace tasha ce tasu.

Along, Rosnani, ni ce na yi muku laifi, na kuma bar ku kuna biyan sa a tsakaninku. Ban iya faɗa da bakina ba, shi ya sa na sa aka rubuta. Ku yafe wa Mak. Idan kun sauke ni, kwalekwalen nan dai ba shi da wata hanyar komawa gida sai da ku biyu.