Sunana a Kan Bindigar Baba

Kapit, 9 ga watan Yuli.

Zuwa ga yayata Empiang,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanki Matiyu da iyalinsa a can Johor. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ba ki tsawon kwana ki ga auren jikokinki. Mu nan lafiya lau. Matata Chendai ta rabu da tarin da ya addabe ta, har ta koma kasuwa da ganyenta, kuma ta fara yi mini faɗa kamar da, wanda shi ne alamar ta warke. An yi wa ɗiyarmu Selina canjin wurin aiki zuwa Sibu. Ruwan kogi ya ja baya ƙwarai bana. Na zaɓi takarda maimakon waya saboda a waya kina katse ni, ni kuma in raina ya ɓaci harshena sarƙewa yake yi.

Yaya, kin san yadda na bar dogon gidanmu, inda kowane iyali ke da ɗakinsa ƙarƙashin rufi ɗaya, ina da shekara goma sha takwas, da riga biyu da adda ɗaya, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Ba wanda ya raka ni bakin ruwa sai ke. Na yi dakon katako, na wanke injin kwalekwale, na shekara huɗu ina hura wa maƙeri wuta ba tare da ya bari na taɓa magagari ba, da ido na koya. Shagon da nake ciki ni na kafa ginshiƙansa, ni na buga rufinsa. Lasisin gyaran bindiga sau uku ina nema ana mayar da ni, a na huɗu na samu, ba wanda ya kama mini hannu ko ya yi mini magana wurin wani babba. Na aurar da kaina, na gina gida, na koyar da 'ya'ya uku har suka fi ni karatu. Yau daga Song har Belaga duk mai tsohuwar bindiga mai baki ɗaya da ya gada wurin ubansa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ban lissafa wannan don in cika miki baki ba. Na lissafa ne don ki san mutumin da ya yi duk wannan bai taɓa roƙon danginsa komai ba, sai yau.

Maganar bindigar Baba ce. Ba sai na tuna miki ranar da na fasa ta ba, amma zan tuna miki, domin ni ban taɓa kwana ɗaya ban tuna ba. Muna jan kwalekwale a wurin duwatsun nan na sama da gonarmu, Baba ya ba ni ita in riƙe, santsi ya kwashe ni, ƙotar ta bugi dutse ta tsage tun daga wuya. A gaban mutum bakwai Baba ya ce hannun Jimbun hannun ɓarna ne, ko ƙwai kada a ba shi ajiya. Ya ɗaure wurin da wayar tagulla, ya ci gaba da korar aladun daji daga gonar shinkafa da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Tun daga ranar ba a ƙara kiranta da sunan Baba a ce bindigar Ragai ba, sai dai bindigar da Jimbun ya fasa. Shekara arba'in ke nan. Yaran da ba su taɓa ganina ba sun san ni da wannan.

A watan Agustan bara ƙaninmu Saging ya sauko da ita naɗe cikin tabarma. Tunda shi ya zauna a ɗakin da Baba ya bari, bindiga da lasisinta a hannunsa suke, ban taɓa ja da wannan ba. Shekara shida tana saman rufi tun rasuwar Baba. Tsatsa ta cinye bututun, kunamar ta ƙame, wayar tagullar ta yi kore. Ya ce mini, Yaya, a watan Disamban baɗi za mu yi babban bikin tunawa da matattu, kowane ɗaki zai fito da kayan mamacinsa, mu kuma wannan ce tamu, kuma duk faɗin kogin nan ba mai iya tayar da ita sai kai. Har da dafa mini kafaɗa. Na karɓa, na cika takardun da ake cikawa, na ce masa kada ya kuskura ya yi mini maganar lada.

Wata takwas na yi a kanta, Yaya. Na warware ta gunduwa-gunduwa. Bututun na goge shi da hannu har ya koma farin ƙarfe, sannan na shafa masa ruwan magani na rataye shi a inuwa ya yi jar tsatsa mai laushi kamar gari, na dafa shi a ruwan sama har jan ya koma baƙi, na goge, na sake shafawa. Sau goma sha ɗaya na maimaita haka, domin baƙin da ake samu ta wannan hanya a cikin ƙarfen yake zama, ba a bisansa ba. Allurar da ke dukan harsashi ta lalace, na ƙera sabuwa daga guntun ƙarfe. Sai na zo kan ƙota. Da na kwance wayar da Baba ya ɗaura, sai da na ajiye aiki na fita waje na zauna. Kowane maƙeri zai ce a sassaƙa sabuwar ƙota a huta. Ni na ƙi. Na buɗe tsagar, na wanke tsohon man da ya jiƙa ta sati uku, na dasa ƙusoshin tagulla biyu ta ciki inda ido ba ya gani, na haɗe ta da gam, na bi layin da garin katakon ita kanta. Da na gama, na miƙa wa Chendai na ce ta nuna mini inda ta fashe. Ta juya, ta juya, ta ce in daina yi mata wasa da hankali, wannan wata ƙota ce na sayo.

Amma akwai abin da ban taɓa ba. A wuyan ƙotar, ta dama, akwai ɗan gurbi da babban yatsan Baba ya ci a hankali cikin shekara hamsin. Kin san shi, muna yara mukan sa yatsunmu a ciki idan ba ya nan. Na kewaye shi da sanfefa kamar mai kewaye kabari. Daga nan na shiga shafa mai da tafin hannu, ɗigo uku, in murza har katakon ya ɗauki ɗumin jikina, in bar shi sati guda, in sake. Aikin mai ba ya walƙiya. Sheƙi yake yi a hankali, irin na goshin doki mai lafiya, kuma duk wanda ya riƙe ya san katako ya riƙe.

A watan Afrilu Saging ya zo ɗauka. Ya ɗaga ta ya duba, ya ce, Yaya, wata takwas cur amma ko ido ba ta ɗauka? Na yi dariya, na yi masa bayani, ya gyaɗa kai, ya ci shinkafata da kifina, ya tafi da ita.

Ranar ɗaya ga Yuni muka hau kogi zuwa bikin girbi, ni da Chendai. Da la'asar muka shiga dogon zaure, ana ta buga kuge, an zazzauna a tabarmi ana zagayawa da giyar shinkafa. Tun daga nesa na hango wani abu rataye a ginshiƙin ƙofar ɗakinmu yana walƙiya kamar bayan sabuwar mota. Wallahi ban gane ta ba sai da na matso. An fesa mata banish mai kauri tun daga baki har gindi, ƙarfe da katako duka, irin wanda ake fesa wa motoci. Wani daga cikin 'yan ɗakin ƙarshe ya ɗaga murya ya ce a yi maza a ɓoye bindiga, ga Jimbun ya iso. Aka kwashe da dariya. Na saba da wannan, na yi murmushi, ina jiran Saging ya ba su amsa. Sai ya miƙe da kofi a hannu ya ce jama'a su dubi abin da surukinsa Dennis ya yi, wai yaron ya ɗauki bindigar da ta mutu ya kai ta birni wurin ƙwararru, ga ta ta dawo sabuwa fil. Aka yi tafi, aka cika wa Dennis kofi. Ina tsaye, taku uku tsakanina da ƙanina, bai dube ni ba.

Gwaggo Lemok ce ta ce a miƙo mata. Kin san idonta ya tafi, da hannu take gani yanzu. Ta ɗora bindigar a cinya, ta bi ƙotar da yatsa, ta koma, ta sake bi, sannan ta ce, kai, ina yatsan Ragai? Ta ce wannan ba ta yayanta ba ce, a karɓe abinsu, wai santsinta kamar kwalba. Na karɓa daga hannunta na sa yatsana. Babu gurbin, Yaya. Mai fentin ya ga lotsawa ce, ya bi ta da inji ya daidaita don banish ya kwanta. Abin da tsatsa da gara da shekara hamsin suka bari, an share shi cikin minti biyu.

Ban yi magana a zaure ba, saboda ranar biki ce kuma ga baƙi. Da safe na sami Saging a dandalin shanya shinkafa. Bai musa komai ba. Ya ce Dennis baƙo ne a gidan, shekara biyu da auren ɗiyarsa amma har yanzu ana ce masa ɗan birni mai laushin hannu, yana so yaron ya sami abin da zai ɗaga kai da shi. Ya ce, haba Yaya, kai da sunanka ya cika kogi, me wannan ɗan abu zai ƙara maka, ka bar wa yaro mana. Dennis kuwa ya leƙo da burushi a baki yana cewa, Baffa, kada ka ji haushi, zamani ne, can Sibu kwana biyu suka yi suka gama, kuma ka ga yanzu ko ruwa ba ya kama ta. Ban ga laifinsa sosai ba, bai san abin da ya ɓata ba. Saging ya sani. Yana cikin kwalekwalen ranar da na faɗi. Ya ji abin da Baba ya ce, kuma ya san dalilin da ya sa na ƙi karɓar lada.

Da a nan maganar ta tsaya da na haɗiye. Amma kin ga rubutun da suka tsara don allon katakon belian da za a kafa wa Baba a bikin Disamba, na san an aiko miki, tunda mai sassaƙa ya ce ba zai sa kurfi ba sai babbar ɗiya ta amince. Selina ta karanta mini. An rubuta cewa bindigar ta fashe a hannun ɗansa Jimbun, surukin gidan Dennis ya sa aka gyara ta. Belian ba ya ruɓewa, Yaya. Ni da ke da Saging za mu zama ƙasa, allon nan yana tsaye, jikokin Selina suna karanta cewa kakansu fasawa kawai ya iya.

Akwai abin da ba su sani ba. A sana'armu, wanda ya yi wa bindiga babban gyara yakan rubuta sunansa da fensir a jikin katako, ƙarƙashin farantin gindin ƙota. Da na kwance na Baba na tarar da sunan wani maƙeri, Ah Lek, da shekarar 1961. Na rubuta nawa a ƙasan nasa. Noti biyu ne kawai ke rufe da shi, kuma ranar bikin akwai sukudireba a aljihuna. Na taɓa ta ya fi sau goma. Ban fito da ita ba, domin ban so a ce na tsiraita ƙanina a gaban surukinsa. Amma sunan da ke ɓoye ƙarƙashin faranti bai ishe ni ba, tunda na fasawar a fili aka shekara arba'in ana kiransa.

Ga abin da zan iya. In sun kawo ta kafin ƙarshen watan nan, zan kankare banish ɗin da hannu, in sake baƙin ƙarfe, in sake shafa mai, za ta kai Disamba. Gurbin yatsan ne ba zan iya mayarwa ba. Zan iya sassaƙa irinsa har Gwaggo ta kasa bambancewa, amma yatsana zai zama, ba na Baba ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Chendai tana gaishe ki, ta ce barkonon da ta yi miki alkawari yana nan ta shanya. Ki gaishe mini da Matiyu da matarsa Rosni, da jikokinki Adrian da ƙaramar Empiang. Idan kin yi waya da Gwaggo Lemok ki ce na gode mata, ita ta san dalili.

Ban ce a cire sunan Dennis don ƙeta ba, in suna so su rubuta cewa ya ɗauki gawayi ko ya yanka kaza a bikin, su rubuta. Ban kuma ce a goge cewa na fasa ba, na fasa, gaskiya ce. Amma kada ki ce wa mai sassaƙa to, sai layin ya zama haka, ba ragi ba ƙari: Jimbun ya fasa ta yana da shekara goma sha takwas, Jimbun ya gyara ta da hannunsa yana da hamsin da takwas. Ki sa a rubuta shi da girman harafin da za a rubuta sunan Baba, a inda mai tsaye zai gani ba sai ya sunkuya ba.

Ni ne ƙaninki,
Jimbun ɗan Ragai, mai gyaran bindiga, Kapit.