Mai Fangali a Bakin Teku

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, malamai da 'yan boko da masu karanta matsalar mutane suna cin gyaɗa. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake a ƙauyenmu ni kaɗai ne tsohon da ya taɓa kwana a otal, ɓoyon ba zai yi nisa ba. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na yi sallama da firamare, kuma har yau ba ta aiko nemana ba.

Ni manomin rani ne a yankin Kura, tumatir da albasa, da damina shinkafa. Ina da ɗa a Legas, Injiniya muke ce masa, ban san abin da yake gyarawa ba amma dai kullum yana ƙiba. Bayan Sallah ya matsa sai na zo an duba mini ido, da aka gama kuma ya ce sai na huta a wani otal na bakin teku. Na ce ni hutuna gindin mangwaro ne, ya ce Baba an riga an biya. To na je. Gado kamar filin shanyar shinkafa, tawul ya fi babbar rigata laushi, ga kifi ɗan mitsitsi a faranti kamar maraya. Da na leƙa taga na ga ruwan, na tambayi Injiniya wa ke rufe shi da yamma, domin mu a nan in aka sako ruwa a kanal akwai mai rufewa. Ya yi ta dariya, ya ce wannan ba a rufe shi. Ni ban yi dariya ba, ruwan da ba shi da mai rufewa bai kwanta mini ba.

A ƙasan otal ɗin akwai wani zaure da suka jera hotuna da zane-zane na sayarwa, jiragen kwale-kwale, masunta, faɗuwar rana, har da wani zane da na rantse fenti ne ya zube. Ina tafe ina tsokanar yarinyar da ke kula da wurin, ita ma ta iya Hausa kaɗan tana ramawa, sai na tsaya a gaban wani babban hoto marar kala. Wani dattijo ne ya ba da baya, a durƙushe a kan yashi, da guntun katako a hannu. A gabansa ya yanka yashin gida-gida, da 'yar hanya a tsakiya. Yarinyar ta ce ai mai fasaha ne, baƙi suna son hoton sosai, wai yana zana yadda rayuwa take. Jama'a, fangali ne. Irin wanda muke yi wa albasa, ga kunya ga hanyar ruwa, kuma kowane fangali an buɗe masa baki ta kusurwar hagu. Katakon ma a hannun hagu yake.

A nan zan koma baya. Ina da ƙane, Ɗanlami, bahago ne, tun muna yara mahaifinmu yake faɗa da shi a kan buɗe ruwa ta hagu, bai taɓa dainawa ba. Tun ina da baƙin gemu ya bi motar tumatir zuwa Legas, motar ta faɗi a hanya, wuta ta kama. Aka ce ba wanda ya fita, mutanen wurin suka binne abin da suka samu. Muka yi masa salla, matarsa ta yi takaba, daga baya ta yi aure, yanzu ita ma ta rasu. Ya bar jaririya, Hindatu, ni na riƙe ta har na aurar da ita a Bunkure. Ɗanta na fari sunan mahaifinta ta sa masa, Abba take kiransa, ba ta iya faɗin sunan.

Na ce a nemo mini mai hoton. Aka kira shi a waya, Injiniya yana fassara. Ya ce ya kwana biyu da ɗaukarsa, a wani bakin ruwa can gaba. Wai mutumin kullum da safe yake zuwa in ruwa ya ja baya, ya yi ta yanka yashin nan, sannan ya zauna ya jira. In igiyar ruwa ta taso ta shiga 'yar hanyar, sai ya bi yana buɗe wa kowane gida baki har ruwan ya shanye komai, gobe ya dawo ya sake. Ba ya bara, ba ya magana da kowa, masu gasa kifi ke ba shi abinci. Fuskar fa? Ya ce duk sanda ya zagayo da kyamara sai mutumin ya juya baya. Muka je wurin da rana tsaka, an kewaye shi da kwano ana gini. Wata mai kifi ta ce ta san shi, Aboki suke ce masa, wannan kuwa sunan kowane ɗan Arewa ne a can, ta ce tun da aka tashe su ba ta ƙara ganinsa ba.

Injiniya ya ce, "Baba, mutanenmu nawa ne a garin nan? Bahagwai nawa Allah ya yi?" Gaskiyarsa. Ni ma na faɗa wa kaina haka a jirgi har muka sauka. Amma ƙeyar nan da yadda ya karkata kafaɗa, ni na goya yaron nan, na san bayansa fiye da fuskarsa. Duk da haka idon da na gani da shi, shi ne aka kai asibiti, ku sa wannan ma a ma'auni.

Tun da na dawo ban zama daidai ba. In na je ba ruwa, da na ji ƙarar kanal sai na ji ta teku a ciki. Rannan na tsinci kaina ina buɗe fangali ta hagu, na tsaya da fartanya a hannu har ruwa ya karya kunya. Matata Hajiya ta ce tun da na kwana a gadon masu kuɗi na koma kallon bango, ko aljanar ruwa ce ta biyo ni. Na ce mata aljanar ta ga tsufana ta koma. Hajiyar ma ban gaya mata zancen hoton ba. Na sami malaminmu a gefe, ya ce ba a tayar da mamaci da zato, amma kuma ba a ɓoye wa ɗa labarin ubansa, na ce Malam ai ka mayar da ni inda ka same ni.

Abin da ya sa na rubuto yau, Injiniya ya sa mini hotunan tafiyar a waya, har da wannan. Hindatu ta aiko cewa ranar Asabar za ta zo da yara. A waya ta ce, "Baffa, kar ka goge ko ɗaya, ina so in ga duk abin da ka gani." Yarinyar nan ta girma tana yi wa ubanta addu'a a matsayin wanda ya huta. In na nuna mata, daga ranar za ta kwana ta tashi da tsohon da ke yawo ba takalmi a garin da ba ta sani ba, kuma ba ni da inda zan ce ta je ta same shi, wataƙila ma ba shi ba ne. In na goge, shi ne kaɗai hoton da za a iya cewa nasa ne a duniya, ita ko bayansa ba ta taɓa gani ba.

To masu ilimi, ga tsoho ya kawo kansa. Masu rubuta Allah ya kyauta su wuce, na gode, na riga na yi wa kaina wannan. Ku da kuka taso ba uba nake so ku amsa mini. In ku ne Hindatu, za ku so Baffanku ya miƙo muku wayar, ko ya bar muku ubanku a kabarin da kuka saba yi masa addu'a?