Reza ko Kafso

Litinin, 3 ga Maris

Yau dai na je asibiti, don maman yara ta ƙyale ni da magiya. Likitar ta ce sunan abin ciwon damuwa. Na ce wace damuwa, ina da sana'a, yarana lafiya lau. Ta ce shi wannan ciwon ba ya jiran dalili. Ta rubuta mini wata 'yar ƙwaya ruwan ɗorawa, ta ce ba nan take za ta yi aiki ba, kuma idan ba ta karɓe ni ba sai mu gwada wata. Wai gwadawa, sai ka ce takalmi.

Tun ina saurayi nake aski. Ban taɓa ƙin ganin madubin shago ba sai bana.

Alhamis, 13 ga Maris

Barci, barci, barci. Bakina a bushe kamar na tauna auduga. Ɗazu na gyangyaɗa a tsaye, injin aski yana kuka a ƙeyar mutum. Allah ya sa Dogo, mai kujerar da ke kusa da tawa, ya gani ya take mini ƙafa.

Asabar, 22 ga Maris

Oga mai shagon ya ja ni bayan shago inda muke shanya tawul. Tambayar farko, wai ko na fara shaye-shaye ne. Na gaya masa gaskiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya ce kujerarsa ba gado ba ce, kuma akwai masu jiranta. Ban ga laifinsa ba. Amma in kujerar nan ta tafi, ban san abin da zan kai gida ba. Ban iya komai ba sai aski.

Laraba, 9 ga Afrilu

An canza mini ƙwaya, yanzu fara ce. Barcin ya sake ni, tashin zuciya ya karɓe shi. Ƙamshin man da muke shafa wa mutane bayan aski, wanda na shaƙa rabin rayuwata, yau shi ya kora ni bakin kwata.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ba komai. Na ci, na kwanta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Aman ya tsaya. Hannuna tsaf, aiki yana fita, Oga har ya ce madalla.

Sai dai ni ba na nan. Auta ta faɗi a tsakar gida, leɓenta ya fashe, tana ihu tana miƙo mini hannu, ni kuma ina kallonta kamar a talabijin. Na ɗauke ta ne don na san haka uba yake yi.

Da ɗayar maganar, wadda ko a nan kunyar rubutawa nake ji. Tsakanina da maman yara shiru. Jikina ya ƙi sam. Ta tambaye ni ko ta yi mini wani laifi ne. Na ce gajiya ce.

Talata, 6 ga Mayu

Yaya ta zo, ta ga kwalin maganin a kan firji. Ta tafa hannu. Wai mu a gidanmu ba a hauka, wai sakaci da addu'a ne, wai ƙwayoyin nan su ke mayar da mutum gunki. To, maganar gunki ba ta yi ƙarya ba. Tana fita na jefa su a shara.

Asabar, 10 ga Mayu

Kaina kamar ana jona masa wayar lantarki. Jiri. Kuka ba dalili a banɗakin shago, na buɗe famfo don kada a ji. Wadda ta sa na zubar tana gidanta lafiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Likita ta yi mini tatas, ta ce ba a yanke irin wannan magani rana ɗaya. Sannan ta sassauta murya ta tambaye ni ko tunanin nan na gara a ce ba na raye ya dawo. Na ce ai bai taɓa tafiya ba. Ta kira maman yara ciki, ta ce ita za ta riƙa ajiye maganin tana ba ni, kuma duk ranar da abin ya yi nauyi a kawo ni ko ba ranar ganin likita ba ce.

Magani na uku ke nan. Kafso ne, rabi ja rabi fari.

Juma'a, 30 ga Mayu

Gumi nake kamar mai dako. Wannan da sauƙi. Hannuna ne yake rawa.

Injin aski yana rufa mini asiri, tunda shi ma karkarwa yake yi. Reza kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

Laraba, 11 ga Yuni

Na yanki wani tsohon malamin makaranta a ƙasan kunne. Mutumin da ba ya yarda kowa ya taɓa kansa sai ni. Jini a kan farin tawul. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Ba komai, ɗana," ya danne wurin da auduga ya tafi. Da ma zagina ya yi. Oga yana tsaye yana kallo.

Litinin, 16 ga Yuni

Likita ta ce za ta ɗan rage ƙarfin kafson, rawar hannun tana iya raguwa, tana iya zama. Ko kuma mu koma farar ƙwaya, hannu ya tsaya cak. Ta ce ni zan zaɓa.

Abin haushin shi ne, da kafson nan nauyin da ke danne mini ƙirji da safe ya ragu. Ina tashi ba sai an ja ni ba. A hanya na ce wa maman yara farar ce za ta riƙe mana kujera. Sai ta ce, "Baban Auta, da farar nan ko sunana ba ka kira."

Asabar, 21 ga Yuni

Na samu Oga da kaina kafin ya same ni. Na ce ni zan riƙa yin aikin inji, Dogo ya riƙa fitar da layin goshi da gemu da reza, mu raba abin da aka samu. Ya ce a gwada wata ɗaya.

Wanda ba mai aski ba ba zai gane ba. Layin reza shi ne sa hannun mutum, da shi ake cewa askin wane ne. Ɗan koyo ne yake gama kai ya matsa gefe a ƙarasa masa. Yau na matsa gefe, na tsaya riƙe da buroshi. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Talata, 1 ga Yuli

Rawar tana nan. Na sha kafson.

Alhamis, 10 ga Yuli

Dogo ba shi da ido. Na zauna na gyara kan wani saurayi sumul, shi kuma ya zo ya karkatar da layin, hagu ta fi dama hawa. Na gaya masa, ya ce wai kan yaron ne a karkace. Muka yi ta yi har la'asar, Oga yana dariya yana cewa mu bari mutane su ji rediyo.

Na dawo gida ban huce ba. Ina cin abinci ina zana wa maman yara layin da yatsa a goshin Auta, Auta tana ƙyalƙyala dariya. Na miƙa kwano a ƙara mini. Sai na ga ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, idonta ya ciko. Na ce mene ne. Ta ce ba komai, ci gaba, me Dogo ya ce.

Ni ban ce na warke ba. Layin ne ya karkace, kuma gobe sai ya gyara shi a gabana.