Mazagin Da Ba Zai Zagaye Ka Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, da aiki, da sanyin garin naku da kullum kake kuka da shi. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana yara. Mu ma nan da sauƙi. Inna tana cin abinci, bakinta ya saki har ana gane maganarta, amma hannun dama da ƙafar suna nan yadda ciwon shanyewar jiki ya bar su tun bara. Ni ce ɗagawa, ni ce kwantarwa, ni ce wanka. Gwaggo takan leƙo ran da ta ga dama, ta ba ni umarni, ta shanye shayin Inna ta tafi.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wata igiya ja da fari. Mazagin wando ne, ni na kitsa maka. Ka tuna kitson zaren da Inna take yi da yatsu muna ƙanana, wanda muke tsinka mata muna ɗaure ƙafar kaza? Likita ya ce a sama mata abin da zai riƙe hankalinta, ita kuwa sai ta ce ni za ta koya wa. Ana ninka zare biyar, kowanne ta kira shi kunne, a ɗaure bakinsu a ƙarfen taga, a rataya kunnuwan a yatsu. Sai ka zura manuni ta cikin wani kunne ka ɗauko na ɗaya hannun, sannan ka ware hannuwa iya ƙarfinka don kitson ya matse. Tunda ba ta iya nunawa, da ido da tsaki take koyarwa. Tsaki ɗaya, na ɗauko ta sama maimakon ta ƙasa. Tsaki biyu, kwance za a yi.

Abin da ba ta faɗa mini tun farko ba shi ne, in ka fara ba ka da hannu kuma. Waya za ta yi ta kuka, tukunya ta tafaso ta zube, hanci ya yi ƙaiƙayi, kana nan ɗaure da taga kamar akuya. Ka saki kunne ɗaya, aikin ya cakuɗe. Daga wurin nan nake hango bakin titi inda motar haya take tsayawa, har na san wanda yake makara kullum da wadda take sake jaka. Rannan mai gyaran famfo ya yi ta buga ƙofa, na rasa yadda zan yi, sai Inna ta nuna mini hannunta da ya mutu ta ce in rataya a nan. Na jera kunnuwan a yatsunta, suka zauna daram. Ta yi dariya ta ce ashe hannun bai yi ritaya ba. Na taya ta dariya, na sallami mai famfo, na shiga kicin na yi kukana.

Da hannuna ya faɗa sai na ce kai zan fara yi wa. Na dubi hotonka na ƙarshe, na ga tumbi ya yi gaba abinsa, sai na yanko zare mai tsawo na ja kujera har bakin ƙofa. Inna tana kallona. Na yi ta ware hannu har kafaɗa ta yi tsami, kitson ya ƙi matsewa, ya fito sako-sako kamar ragar kifi. Sai da na gaji ta ce mai kitso ita kaɗai ba ta wuce tsawon hannunta. Ta ce duk dogayen igiyoyin da muka sani, ita da marigayiya ƙanwarta suka yi su, ɗaya na juya kunnuwa, ɗaya na zaune bakin taga tana matse kitson da bayan cokali. Ta ce in tura kujerarta wurin tagar ta gwada da hagu. Cokalin ya kuɓuce mata ya faɗi, ta juya fuska bango. Ranar ba ta ci abinci ba.

Yaya, ga maganar da ta sa na rubuto. Jami'a sun riƙe mini gurbina da na ba su uzuri, sun sake riƙewa, yanzu sun ce in ban je farkon zangon nan ba sun ba wani. Ba na musun ƙoƙarinka, magani bai taɓa yankewa ba, kuma kana kira. Amma waya ba ta juya mara lafiya a gado. In na ɗauko zancen sai ka ce in ƙara haƙuri, za a duba. Inna da kanta ta ce in tafi, Allah na nan, alhali ko kofi ba ta iya kaiwa baki ba ta zubar ba. Ina son Inna, ka sani. Amma na gaji, kuma na fara jin haushin tsakinta, abin yana ba ni tsoro. Ko ka ɗauki hutu ka zo mu tsara, ko ku shirya mata ɗaki a wurinku, ko ka zaunar da Gwaggo ku yi magana ta gaskiya. Wanne ne, ka faɗa mini kafin a koma karatu.

Ka gaishe mini da Antina uwar gida, da Sarkin Surutu, da 'Yar Baba mai sabon haƙori. Inna tana sa muku albarka, Kawu ma yana gaisuwa.

Mazagin da na aiko shi ne na biyu, wanda na rage wa zare. Ya matse, ya yi kyau, Inna ba ta yi tsaki ko ɗaya ba. Ka zura shi a wando ka gwada. Bakinsa ba zai haɗu ba, na sani. Iyakar inda hannuna ya kai ke nan.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Auta